Baƙon Kaka a Bakin Teku

Ku 'yan makaranta, mun san babu kalmar da ta fi muku daɗin ji kamar hutu. Da an ce saura mako guda a rufe makaranta, sai ka ga yaro ya ɗaure akwatinsa tun ba a ce ya ɗaure ba, jikinsa yana aji, zuciyarsa kuwa ta riga ta kai gida. To, yau a kan hutun za mu yi magana, amma ta wata fuska wadda ba kasafai a kan duba ba. Ga mutum ya gaji da aiki, ya ɗauki guzurinsa ya tafi garin waɗansu don ya huta. Ya biya kuɗin masauki, ya biya na abinci, bai zagi kowa ba, bai taɓa kayan kowa ba. Shin shi ke nan ya sauke nauyi, ko kuwa akwai sauran wani hakki na garin nan da ya rage a wuyansa? Wannan ita ce tambayar da mu ke so mu yi shawara da ku a kanta.

Tun da ya ke magana ba ta zauna sai da misali, za mu ɗauke ku mu tafi wata ƙasa ta bakin teku a Ingila, wadda mutanenta suka daɗe da sanin baƙin hutu, suka ci ribarsu, suka kuma sha ɗacinsu.

Turawa suna rubuta sunan ƙasar Cornwall, mu kuwa za mu rubuta Konwal, yadda a ke faɗi. In kun buɗe taswirar Ingila kuka duba kudu maso yamma, za ku ga ƙasa ta miƙe cikin teku kamar mutum ya zauna a gaɓa ya tsoma ƙafa ɗaya cikin rafi. Ƙafar nan ita ce Konwal. Teku ya kewaye ta ta fuska uku, ta fuska ta huɗu kuma kogin Tamar ya kusa raba ta da maƙwabciyarta Devon. Tsawon gaɓarta, in an bi duk lungunanta, ya ɗara mil 400, mutanenta kuwa a ƙidayar 2021 wajen 570,000 ne. Ƙasa ce ta ƙauyuka da ƙananan gonaki waɗanda aka kewaye da shingen dutse da ƙasa, ga tuddai masu iska, ga garuruwan masunta sun maƙale cikin kwazazzabai dab da ruwa.

A zamanin da, zuwa Konwal daga Landan tafiyar kwanaki ce cikin keken doki. Jirgin ƙasa ne ya naɗe tafiyar. A 1859 aka buɗe babbar gadar da injiniya Brunel ya tsara a kan Tamar. A 1904 kuma kamfanin reluwe ya sa wani jirgi mai gudu wanda ke tashi daga Landan ya kai Penzance, kusa da ƙarshen ƙasar, mil 300 da 'yan kai, cikin awa 7. Kamfanin ya yi ta buga hotunan rairayi da shuɗin ruwa yana mannawa a tashoshi, har mutanen birni suka ɗauki Konwal wurin shan iska, kowa ya sami 'yan kwanaki sai ya kwashi iyalinsa ya nufa can.

Kafin mu ci gaba, bari mu kawar da wata magana daga hanya. Akwai masu cewa hutu lalaci ne aka sa masa babbar riga. Mu ba mu tare da su. Manomi ya kan bar gona ta huta don ta sake ba da amfani, mai jaki kuma in ya isa zango ya kan sauke masa mangala tun kafin shi kansa ya nemi ruwan sha. Ɗan Adam ba zai kasa jaki daraja ba. Ma'aikatan Ingila ba a kyauta suka sami hutunsu ba, sai da aka daɗe ana ja. A 1871 aka yi dokar da ta ware kwana 4 a shekara waɗanda a ke rufe bankuna a huta. A 1938 aka yi wata wadda ta buɗe hanyar ba waɗansu ma'aikata hutun mako guda ba tare da an yanke musu lada ba. Yau mai aikin kwana 5 a mako a can doka ta ba shi kwana 28 a shekara. Saboda haka wanda ya bar hayaƙin birni ya tafi bakin teku don ya wartsake, hakkinsa ya ci, babu mai ganin laifinsa. Abin da mu ke bincike shi ne yadda zai ci hakkinsa ba tare da ya taka na wani ba.

Yawancin baƙi cikin watannin zafi su ke zuwa, watau Yuli da Agusta, sa'ad da yini ya ke da tsawo, makarantu kuma suna rufe. A lokacin nan tituna su cushe, masaukai su cika, har mutanen ƙasar suna yi wa baƙin laƙabi da wata tsohuwar kalma mai ma'anar tururuwa. Mu kuwa da gangan muka zaɓi kaka, watau Satumba da Oktoba da Nuwamba, gama Hausawa sun ce ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Cikin zafi gari ya kan yi ado don baƙi, kamar amarya ran buɗar kai. Da kaka ya kan tuɓe adon ya koma kayan aiki, a nan ne mai ido zai ga ainihinsa.

Mu ɗauka mun sauka a wani ƙauye cikin makon ƙarshe na Oktoba, lokacin da 'yan makarantar Ingila ke samun ɗan hutun mako guda. An riga an girbe alkama da sha'ir, gonaki sun yi fili, tsuntsayen teku suna bin bayan garma suna tsince-tsince. Ciyayin tuddai sun rine sun yi ja kamar tafin da aka ƙunsa da lalle. Rana ta kan makara wajen fitowa, ta kuma yi saurin faɗuwa. Yau gari ya yi garau har ka hangi jirgi can nesa kamar ƙwayar gero, gobe kuwa hazo ya rufe, iska ta taso daga yamma, igiyar ruwa ta riƙa dukan duwatsu har ka ji ƙasa na motsi ƙarƙashin ƙafarka. Rumfunan da ke sayar wa baƙi kayan tsaraba da yawa sun rufe. Masaukai sun rage kuɗi. Wanda ya ke son shiru, lalle ya samu.

Akwai wata siririyar hanyar ƙafa da ta bi bakin gaɓa ta kewaye Konwal duka, ta zarce har cikin ƙasashen maƙwabta, tsawonta gaba ɗaya mil 630. Baƙi suna son ta ƙwarai. Amma asalinta ba don shan iska aka tattake ta ba. Masu gadin gaɓa ne suka riƙa bin ta dare da rana, suna leƙa kowane lungu don su kama masu shigo da kaya a ɓoye don gudun kuɗin fito. Dalilin da ya sa ke nan ta ke manne da bakin dutse, ba ta yanke hanya. Daga nan za ku fara gane abin da mu ke nufi. Kusan kowane abu da baƙo zai tsaya ya ce kai, wannan da kyau ya ke, in ya bincika zai tarar gumin wani ne ya bushe a wurin.

In muka bi hanyar nan ta wajen yamma, za mu ga waɗansu kangayen gini na dutse, kowane da dogon bututun hayaƙi a gefensa, suna tsaye a kan gaɓa teku na tafasa a ƙarƙashinsu. Babu baƙon da ke wucewa bai ɗauki hotonsu ba, musamman da la'asar sakaliya in rana ta yi ja a bayansu. Ɗakunan inji ne na ramukan kuza da jan ƙarfe, kuzar nan dai irin wadda aka yi ta tonowa a Jos da Bukuru. Injin ne ke zuƙe ruwa daga rami don mutane su iya aiki. A wani rami mai suna Levant an bi ƙarfen har can ƙarƙashin teku. Don shiga da fita akwai wani dogon gungume mai matakai, inji yana ɗaga shi yana sauke shi, mutum ya taka ya hau, ya sauka a kan dakali, ya sake takawa, har ya fito. Ran 20 ga Oktoba, 1919, da rana, mutane sun tashi daga aiki suna kan gungumen nan, sai ƙarfen da ya riƙe shi a sama ya karye. Mutum 31 suka mutu. Da kaka ne, irin lokacin da muka zaɓa don yawonmu. Ramin kuza na ƙarshe a Konwal, South Crofty, an rufe shi a 1998, a 2006 kuma aka sa kangayen nan cikin jerin wuraren tarihi na duniya.

Haka kuma a kan wani tudu a Newquay akwai wani ɗan farin ɗaki wanda baƙi ke zama kusa da shi suna kallon ruwa. A da mazaunin mai tsaro ne. Daga ƙarshen zafi zuwa kaka wani ƙaramin kifi, ɗan'uwan wanda ku ke gani cikin gwangwani, ya kan zo gaɓa tuli. Mai tsaron nan in ya ga ruwa ya sake launi sai ya kwarara kira, gari duka ya fito, maza su shiga jirage da taru, yana nuna musu hanya daga bisa tudu da rassan itace a hannu. Mata da yara su kwana suna jera kifi da gishiri, a matse shi a zuba a ganga, a kai Italiya a sayar. In kifi ya zo, an ci abinci da hunturu. In bai zo ba, sai yunwa. Wajen ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20 sana'ar nan ta durƙushe, ɗakin ya zama abin kallo.

Yanzu sai mu saurari mai ja da mu, gama ba daidai ba ne a yanke hukunci ba a ji ta bakin ɗaya gefen ba. Zai ce, “To, na ji. Amma ni na karya gungumen Levant? Ni na kori kifi? Kuza ta ƙare, kifi ya tafi, da me mutanen nan za su ci in ba da kuɗina ba? Ni ne ma mai taimakonsu. Na saya, sun sayar, ciniki ya faɗa, kowa ya kama gabansa.”

Akwai gaskiya cikin maganarsa, ba kuwa kaɗan ba. Dubban gidaje a Konwal da kuɗin baƙi su ke ɗora tukunya, baƙon kaka ma ya fi na zafi amfani ta wata fuska, don yana zuwa lokacin da kasuwa ta fara sanyi. Da baƙi za su ɗauke ƙafa gaba ɗaya, da mutanen ƙasar ne za su fara kuka. Duk da haka muna ganin maganarsa ta gaza, domin ya ɗauki kansa mai saye kaɗai, ya ɗauki gari kanti. Mai saye in ya biya ya fita, babu sauran magana tsakaninsa da mai kanti. Baƙo kuwa yana kwana a gari, yana shan ruwansa, yana bin hanyoyinsa, yana cin amfanin abubuwa da yawa waɗanda ba a rubuta su cikin takardar kuɗin masauki ba. Bari mu kawo guda uku.

Na farko rai ne. Teku ya kan ciko ya janye sau biyu cikin dare da yini, lokacin kuma yana ja baya da kamar minti 50 kowace rana, cikowar ta fi ƙarfi a tsayuwar wata da kuma tsakiyarsa. Kusa da Penzance akwai wani tsibiri mai suna St Michael's Mount. In ruwa ya janye a kan taka wata hanyar dutse a je shi da ƙafa, in ya ciko hanyar ta nutse sai da jirgi. Ɗan gari ya san wannan tun yana goye. Baƙo kuwa, ko da idonsa biyu, makaho ne sai ya tambaya. Kowace shekara a kan sami waɗanda suka shiga wani lungu na rairayi suna wasa, ruwa ya zagayo ya tare musu hanya. Wa ke zuwa ɗauko su? Akwai wata ƙungiyar jiragen ceto da aka kafa a 1824, da sadakar jama'a ta ke aiki, mafi yawan masu shiga jiragenta kuma 'yan sa kai ne, masunta da makanikai da masu kantuna na garin, waɗanda in aka yi kira su kan ajiye abin da ke hannunsu su ruga.

Don ku san nauyin abin da su ke ɗauka, ga labarin ƙauyen Mousehole. Ran 19 ga Disamba, 1981, da dare, injin wani jirgin kaya mai suna Union Star ya mutu cikin guguwa, iska tana tura shi kan duwatsu, da mutum 8 a ciki. Jirgin ceto mai suna Solomon Browne ya fita da mutum 8 na ƙauyen. Wani saurayi ya zo zai shiga, shugaban jirgin ya hana shi, don ubansa yana ciki, ba ya so ya ɗauki mutum biyu daga gida ɗaya a irin wannan dare. Sun kai ga jirgin, har sun ɗauko mutum 4, suka koma don sauran. Daga nan ba a sake jin muryarsu ba. Duka 16 suka halaka. Ba a daɗe ba waɗansu mutanen ƙauyen suka fito suka ce a rubuta sunansu a madadin waɗanda suka tafi. Waɗanda aka je ceto a daren nan ba 'yan hutu ba ne, amma irin mutanen nan ne dai ke fita in ɗan hutu ya yi ganganci. To, mu tambayi mai cewa ya biya kuɗinsa: nawa ya biya na wannan? Wanda aka gaya masa kada ya sauka ruwa yau, ya ce ai kuɗinsa ya kashe ya zo, ran wani ya ke caca da shi.

Na biyu muhalli ne. Baƙo ya zo ya ga ƙauye ya yi masa kyau, yana da kuɗi, sai ya sayi gida ya ajiye don ya riƙa zuwa mako biyu ko uku a shekara. Bai yi sata ba, mai gida ne ya sayar masa da son ransa. Amma in mutum ɗari suka yi haka, kuɗin gida ya hau har ɗan masunci da aka haifa a unguwar ba ya iya saye ko haya, sai ya kwashi matarsa ya koma wani wuri. Yara su ragu, makarantar ƙauye ta rasa ɗalibai, jirgin ceto ma ya rasa matasan da ke kwana kusa da shi. Cikin zafi ba a ganin wannan, don kowane gida da mutane. Baƙon kaka ne ke gani, in ya fito bayan magariba ya bi layi ya ƙirga tagogi nawa ke da fitila, nawa ke duhu. A watan Mayu na 2016 mutanen garin St Ives suka jefa ƙuri'a, fiye da kashi 80 cikin 100 na masu jefawa suka yarda kada a sake gina sabon gida sai don wanda zai zauna cikinsa sosai. Abin lura a nan shi ne, abu ya kan zama halal ga mutum ɗaya, amma in taro ya haɗu a kansa ya zama cuta. Ɗigon ruwa ɗaya ba ya rushe katanga, amma ba ɗigon da zai ce ba ruwansa ran da ta faɗi.

Na uku al'ada ce. Masuntan Newlyn, kusa da Penzance, masu riƙon addini ne ƙwarai, ba su fita su ran Lahadi. Waɗansu masunta baƙi daga Lowestoft, can gabashin Ingila, suka riƙa zuwa suna su ran Lahadi, su kawo kifi kasuwa ran Litinin da sassafe su sayar da tsada, 'yan gari suna kallo. A watan Mayu na 1896 haƙuri ya ƙare, mutanen Newlyn suka hau jiragen baƙin suka zubar da kifinsu cikin teku, aka yi ta rikici har sai da aka kawo soja. Ba mu yabi abin da 'yan gari suka yi ba, ɓarna ce, kuma baƙin nan ba su karya dokar Gwamnati ba. Amma akwai dokar da ba a rubuta ba, wadda kakanninmu suka taƙaita da cewa in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi ka ɗaura. Ba a ce ka bar addininka ko ɗabi'arka ba. An ce dai kada ka mai da abin da mai masaukinka ke girmamawa abin cin riba ko abin dariya.

Kada kuma ku zaci nauyin nan a kan baƙo kaɗai ya ke. Konwal ma ta san nata. A da in teku ya turo gawar baƙon da jirginsa ya fashe, a nan bakin gaɓa a kan tona rami a tura shi, ba likkafani ba addu'a, mutane kuma su kwashe kayan jirgin. Bayan wani jirgin yaƙi mai suna Anson ya fashe a gaɓar Konwal a ƙarshen 1807, abin ya dami mutane, har a 1808 aka yi dokar cewa a binne irin waɗannan gawawwaki a maƙabarta kamar kowa. A ƙauyen Morwenstow, can arewacin ƙasar, an yi wani limamin Kirista mai suna Robert Hawker, wanda ya riƙe majami'ar wurin daga 1834 har ya mutu a 1875. Shi da mutanensa su kan sauka ƙarƙashin duwatsu su ɗauko gawawwakin matuƙan da ba su san ko sunansu ba, su yi musu sutura. A watan Satumba na 1842 wani jirgi mai suna Caledonia, ɗauke da alkama, ya fashe a wurin, mutum ɗaya kaɗai ya tsira. Hawker ya binne waɗanda aka samu, aka kafa mutum-mutumin katako na goshin jirgin a kan kabarinsu. Da shekara ta kewayo, ran 1 ga Oktoba, 1843, ya tara mutanen ƙauyen don su gode wa Allah saboda amfanin gona, da gurasar da aka yi da sabon hatsi. Ga wannan taro a ke danganta asalin bikin godiyar kaka da majami'un Ingila ke yi har yau. Ku duba, kaka ɗaya ta kawo masa gawa, ta gaba ta kawo masa dami, ya karɓi kowace da abin da ya dace da ita. Garin da ya san hakkin baƙo matacce, wanda ba zai biya ko anini ba, ashe bai cancanci baƙo mai rai ya san nasa ba?

Saura ja guda ɗaya, shi ne ya fi na farko ƙarfi. Wani zai ce, “Kun ɓata mini hutu. Na zo in manta da baƙin cikina, kun ɗora mini na waɗansu. In kowane dutse sai na tuna wanda ya mutu a ƙarƙashinsa, ina hutun ya ke?” Amsarmu ita ce, ba mu ce ya yi zaman makoki ba. 'Yan garin da kansu ba makoki su ke yi ba, suna dariya, suna biki, suna kuma so baƙo ya ji daɗi ya komo. Ya yi wasa a rairayi, ya ci kifi, ya yi barci har hantsi. Sani ba ya rage daɗi. Mutum biyu suna tsaye gaban kangon Levant, ɗaya yana ganin tsohon gini da jar rana, ɗaya yana ganin wannan duka, ya kuma san su wa suka bi ta ƙofar nan da asuba. Wane ne cikinsu zai koma gida da abin faɗi? An ce tafiya mabuɗin ilmi, amma mabuɗi ba ya buɗe kome sai an sa shi a ƙofa an murɗa. Akwai wanda ya kewaye duniya ya komo bai san kome ba sai kuɗin masaukai.

To, mene ne hakkin da ya rage bayan an biya kuɗi? A ganinmu ba wani abu mai wuya ba ne. Baƙo ya yi sallama, ya tambaya kafin ya shiga inda bai sani ba, in an hana shi ya hanu. In ya buɗe ƙofar shingen gona ya rufe, kada dabbobin mutane su fita. Ya sayi abincinsa wurin masu kamawa da masu nomawa, kada ya matse su a ciniki don ya ga kasuwa ta yi sanyi. In ya ga akwatin sadakar jirgin ceto, ya tuna. In ya isa inda mutane suka mutu, ya rage murya. In kuma Allah ya ba shi dukiya har ya yi sha'awar abin da ke garin, ya tambayi kansa: in kowa ya yi yadda zan yi, me zai rage wa masu wurin? Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Raɓa ta kan sauka da dare ta tashi da hantsi, amma ta kan bar ganye da ɗan laima, ba ta karya reshe.

Akwai waɗansu baƙi a Konwal da suka riga mu sanin wannan. Tsattsewa ce, wadda ke zuwa Ingila in ɗari ya wuce, ta yi sheƙar laka a rumfar shanun manomi, ta yini tana cinye masa ƙudaje. Cikin Satumba da Oktoba su kan taru su tashi, su bi ta Faransa da Sifen, su ƙetare Sahara, su wuce har Afirka ta Kudu. In shekara ta kewayo da yawa su kan komo rumfar nan dai da suka bari, manomi kuwa ya kan bar musu taga a buɗe. Wannan ita ce alamar baƙon kirki a ko'ina: ran da ya tafi a ji kewarsa, ran da ya komo a buɗe masa ƙofa ba da ƙunƙuni ba.

Watakila da yawanku ba za ku taɓa zuwa Konwal ba, amma babu ɗayanku da ba zai zama baƙo ba. Wani aiki zai kai shi garin da ba a jin harshensa, wani fatauci, wani neman ilmi. Kusa ma da wannan, ran da aka ba ku hutu kuka koma gida da fararen tufafi da littattafai, za ku tarar wurin hutunku wurin aikin waɗansu ne, tuwon da za a ajiye muku kuma wani ne ya sunkuya a kansa tun daga shuka har sussuka. Mun bar muku tambayar ku tattauna da malamanku, wanda kuma ya ga inda muka kauce, shafin nan a buɗe ya ke gare shi. Allah ya sa mu zama baƙin da a ke murna da zuwansu, ya kai kowa gida lafiya, amin.